Hulba, Habbatus Sauda, Kirfa, Tafarnuwa Ko Zogale: Wanne Ya Dace Da Mai Ciwon Suga Da Yawan Kitsen Jini?

Wanda likita ya shaida wa sugansa ya hau, ko kitsen jininsa ya yi yawa, ba ya rasa masu ba shi shawara a Sakkwato. Kafin ya huce an lissafa masa hulba da habbatus sauda, wani ya ce tafarnuwa da zuma, gwaggo ta ce a matso shuwaka. Duk ana samun su a Tsohuwar Kasuwa da Babbar Kasuwa da shagunan magungunan Musulunci, ga kuma masu mota da lasifika da kwalaben haɗi. Sai mutum ya rasa wanda zai kama.

Babu dalilin raina tsirrai. Metformin, ƙwayar da aka fi ba masu ciwon suga nau'i na biyu, tushenta wani tsiro ne na Turai mai suna Galega, kuma likitan Faransa Jean Sterne ne ya gwada ta a kan marasa lafiya a 1957. Magungunan kitsen jini da ake kira statin kuwa daga funfuna Akira Endo na Japan ya samo na farkonsu a shekarun 1970. Abin da ya fifita su a kan ganyen da ake tafasawa a tukunya shi ne an san adadin da ke cikin kowace ƙwaya, kuma an bi dubban mutanen da suka sha su shekara da shekaru. Metformin na sauke HbA1c, wato ma'aunin matsakaicin sugan jini na 'yan watanni, da maki 1 zuwa 1.5, statin na rage LDL, wato mugun kitsen jini, da kashi 30 zuwa 50 cikin 100. Ba a tabbatar ko ɗaya daga tsirran da ke ƙasa ya kai wannan ba. Saboda haka abin da ake zaɓa a nan shi ne wanda za a ƙara a kan gyaran abinci da motsa jiki da maganin asibiti.

Ma'aunan da za a yi aiki da su

Na farko shi ne hujja: a kan mutane aka gwada tsiron, ko a kan ɓeraye? Yawancin abin da ake yaɗawa cewa "masana sun gano" a ɓeraye ne aka gano shi, kuma sau da yawa adadin da aka ba su ya fi ƙarfin cikin ɗan Adam. Ko a kan mutane ma, akwai bambanci tsakanin gwajin da aka raba wa wasu ƙwayar gaske wasu kuma ƙwaya marar komai ba tare da sun sani ba, da wanda aka tambayi mutane kawai ko sun ji sauƙi.

Jin sauƙi ba ya auna komai a waɗannan cututtuka biyu. Yawan kitsen jini ba ya ciwo sam, suga kuma yana iya daɗewa a sama mutum na harkokinsa. Lambobi ne ke magana. Sugan safe kafin a ci komai, in ya kai 7.0 mmol/L, wato 126 mg/dL, a gwaji biyu, ciwon suga ne. HbA1c na nuna matsakaicin sugan wata biyu zuwa uku, 6.5 ke tabbatar da cutar, kuma ga yawancin masu ita ana son ya tsaya ƙasa da 7. Mai sikila ko wanda aka ƙara wa jini kwanan nan ya gaya wa likita, domin wannan gwajin na iya ba da lambar ƙarya a kansu. A ɓangaren kitse, jimillar kolestarol ana son ta ƙasa da 5.2 mmol/L, amma LDL, mai taruwa a bangon jijiyoyi, shi aka fi sa wa ido.

Sai kuɗi. Farashi na sauyawa kusan kowane mako, don haka mun ba da nauyin da mutum ke buƙata a wata, kowa ya taya a kasuwarsa. Akwai kuma ajiya: daga Maris zuwa Mayu zafin Sakkwato na wuce digiri 40, mai da gari ba sa jure shi, a Agusta kuma laima ke kawo funfuna. Sai sauƙin sha, domin abin da mutum ba zai iya jurewa mako 12 ba ba zai nuna amfaninsa ba. Na ƙarshe, wanda ya fi sauran nauyi, shi ne haɗari: da wane magani yake karo, kuma wa bai kamata ya taɓa shi ba.

Hulba

A kan suga, hulba ce ta fi sauran hujja, kuma an fahimci yadda take aiki. 'Ya'yanta cike suke da yauƙin da ke narkewa a ruwa. In ya haɗu da abinci a ciki yana rage saurin da tuwo ko shinkafa ke rikiɗa suga su shiga jini, yana kuma kama wani ɓangare na ruwan matsarmama a hanji ya fita da shi, hanta ta ja kolestarol daga jini don ta sake yin wani. Wani nazari na 2014 da ya tattara gwaje-gwaje 10 ya sami raguwar sugan safe da kusan 1 mmol/L, kuma amfanin ya fito ne ga waɗanda suka sha giram 5 ko fiye a rana. Gwaje-gwajen ƙanana ne, da yawansu ba su da inganci sosai, don haka kada a ɗauki wannan lambar a matsayin alkawari.

Kuskuren da aka fi yi shi ne a tafasa hulba a tace, a sha ruwan kamar shayi, a zubar da 'ya'yan. Yawancin yauƙin da ake nema a bola ya tafi. Hanyar da ta dace: a jiƙa ƙaramin cokali ɗaya, kimanin giram 3 zuwa 4, a rabin kofin ruwa da dare, a sha ruwan a tauna 'ya'yan kafin abinci, ko a niƙa a zuba garin a kunu ko nono marar sukari. A fara da cokali ɗaya a rana har mako guda, sannan a kai biyu ko uku, a raba su kafin manyan abinci. Wanda ya fara da yawa zai sha kumburin ciki da gudawa, ya yi fushi ya bari. Wata guda na cin giram 150 zuwa 300, abin da bai wuce gwangwanin madara biyu da rabi ba, kuma ba ta da tsada. 'Ya'yan da ba a niƙa ba na shekara a kwalba mai murfi. Garin kuwa a niƙa na mako biyu kawai.

Ɗacinta da warin da take sa wa gumi da fitsari su ke korar mutane. Mai ciki ta nisance ta a wannan adadi, domin tana iya motsa mahaifa. Wanda gyaɗa ke sa wa borin jini ya yi hattara, dangi ne. Tana ƙara ƙarfin warfarin, ƙwayar tsinka jini, kuma yauƙin nata na iya rage shigar wasu ƙwayoyi jiki, don haka a ba da tazarar awa biyu tsakaninta da maganin asibiti.

Habbatus sauda

Darajarta a wurin Musulmi sananna ce saboda hadisin da ya zo a kanta, kuma likitoci sun gwada ta fiye da yadda mutane ke zato. A Saudiyya, a 2010, an ba masu ciwon suga 94 giram 1 ko 2 ko 3 a rana na wata uku, a kan maganin da suke sha. Giram 2 ne ya ba da sakamako mafi kyau. Giram 1 bai yi tasiri sosai ba, giram 3 kuma bai ƙara komai a kan 2 ba. Wannan darasi ne ga masu ganin yawan sha shi ne yawan waraka. Wasu gwaje-gwajen sun nuna tana ɗan rage LDL da jimillar kolestarol, wanda ya sa ta dace da mai matsalolin biyu a haɗe.

Giram 2 bai kai ƙaramin cokali cikakke ba. A daka 'ya'yan sama-sama a lokacin da za a sha, rabi da safe rabi da dare. In an haɗiye su ɗungurungum wasu na fita yadda suka shiga. Giram 60 ya isa wata, don haka ko da ta fi hulba tsada a awo, kuɗin wata ba shi da yawa. Matsalar tana wurin man. Shi ya fi tsada, shi aka fi yi wa algus da man gyaɗa ko wani mai, kuma kwalbar da ta yi watanni a kantar shago cikin zafi da hasken rana sinadarinta ya ragu. Mai son tabbacin abin da yake sha ya sayi 'ya'yan. Sai kuma zuma: al'adar shan habbatus sauda da babban cokali na zuma na zuba wa mai ciwon suga kimanin giram 17 na sukari kowane sha. A sha da ruwa.

Tana iya sauke hawan jini kaɗan, don haka mai shan maganin hawan jini ya lura da jiri. Mai ciki ta tsaya a ɗan abin da ake barbaɗawa a abinci.

Kirfa

Sunan kirfa ya tashi ne daga wani gwaji da aka yi a Pakistan a 2003, inda aka ba mutum 60 giram 1 zuwa 6 na kwana 40 aka ga suga da kitse sun sauka. Gwaje-gwajen da suka biyo baya ba su yi daidai da juna ba, har nazarin 2012 na ƙungiyar Cochrane mai tantance binciken likitanci, wanda ya haɗa gwaji 10 da mutum 577, ya ce hujjar ba ta isa a ba da shawarar shan ta don ciwon suga ba.

Kirfa iri biyu ce, kuma nan ne haɗarin yake. Wadda ta cika kasuwa, mai kaurin ɓawo, ja-ja, naɗi ɗaya, mai wuyar karyawa, tana ɗauke da sinadarin kumarin da ke wahalar da hanta in an daɗe ana sha. Hukumar kula da lafiyar abinci ta Tarayyar Turai ta sa iyakarsa a miligiram 0.1 ga kowane kilo na nauyin mutum a rana. Mai nauyin kilo 60 na iya kai wannan iyaka da giram 2 na irin wannan kirfa, ƙaramin cokali kuwa ya kai giram 2.6. Ɗayar, ta ƙasar Siri Lanka, ɓawonta siriri ne, falle-falle a naɗe, tana marmashewa da yatsa, kumarin ɗinta kaɗan ne ƙwarai, sai dai tana da tsada da wuyar samu. In an niƙa su ba a bambance su da ido. Ga mai ciwon hanta, musamman hepatitis B da ya yawaita a tsakaninmu, ko mai shan statin ko maganin tarin fuka, kirfa ta tsaya a ƙamshin shayi.

Tafarnuwa

Ita ce ta gida, ana noma ta a fadamun Wurno da Goronyo, ga araha, kuma dunƙulenta na watanni a inuwa mai iska. Sinadarin da ake nema, alisin, ba ya samuwa sai an daka ko an yanka ta, kuma wuta na kashe abin da ke haɗa shi. Don haka a daka, a bar ta minti 10, a ci ɗanya a cikin abinci. Wadda aka jefa a miya tun farkon dahuwa ƙamshi kawai ta bayar.

A kan kitse amfaninta kaɗan ne, kuma ana gardama a kansa. Nazarin da ya tattara gwaje-gwaje da dama ya nuna raguwar LDL da kimanin 9 mg/dL bayan wata biyu ko fiye. Amma a jami'ar Stanford ta Amurka, a 2007, an ba mutum 192 ɗanyar tafarnuwa ko ƙwayoyinta ko ƙwaya marar komai wata shida, LDL bai motsa ba. Ga wanda LDL ɗinsa ya kai 190 mg/dL, rage 9 bai fitar da shi daga haɗari ba. Tana tsinka jini: mai shan aspirin, clopidogrel ko warfarin ya tambayi likita, kuma a daina ta mako guda zuwa kwana 10 kafin tiyata ko cire haƙori. Mai olsa ko ƙwannafi ba zai jure ta ɗanya ba.

Zogale da zoɓo

Zogale abinci ne mai kyau, kuma kwaɗonsa da ƙuli-ƙuli a madadin rabin kwanon tuwo na rage suga ta hanyar da ba ta buƙatar bincike: an rage tuwon. A matsayin magani kuwa hujjarsa ba ta kai sunansa ba. A Tailan, a 2017, an ba masu ciwon suga 32 ko dai giram 8 na garin ganyen a rana ko ƙwaya marar komai har mako huɗu, ba a ga bambancin kirki a suga ba. Ganye kawai ake ci. Saiwa da ɓawo na da guba, mai ciki kada ta kusance su. A shanya ganyen a inuwa. Garin da ya koma ruwan ƙasa ya tsufa.

Zoɓo ya fi ƙarfi a kan hawan jini. A wani gwaji na Amurka a 2010, kofi uku a rana na mako shida ya sauke lambar sama da kimanin maki 7. A kan kitse sakamakon a rarrabe yake. Na ƙulli da na gora da ake sayarwa a titi sukarin da ke ciki ya rinjayi duk wani amfani; sai wanda aka dafa a gida ba zaƙi. Yana rage shigar chloroquine jiki, kuma haɗa shi da maganin hawan jini na iya sauke jinin fiye da kima.

Masu ɗaci da kwalaben haɗi

Mutane na ganin ɗaci shi ke kashe zaƙi, shi ya sa shuwaka da garahuni da dogon yaro da maɗaci ke da kasuwa. Jiki ba haka yake aiki ba. Shuwaka yawancin hujjarta a ɓeraye take. A miya ba laifi. Ɗan uwan garahuni na Asiya an gwada shi, Cochrane ta ce a 2012 hujjar ba ta isa ba, kuma 'ya'yansa na iya farfasa jinin masu ƙarancin sinadarin G6PD mai kare ƙwayoyin jini, ƙarancin da ya yawaita a mazan Najeriya. Man dogon yaro ya sa yara farfaɗiya da suma a ƙasashe da dama. Ruwan kuɓewa da aka jiƙa kuwa an ga yana rage shigar metformin jiki a gwajin ɓeraye.

Kwalbar haɗi ta fi kowanne tsada da haɗari, tunda ba a san me ke ciki ba balle adadinsa. A ƙasashe da dama an kama irin waɗannan da aka niƙa glibenclamide, ƙwayar suga ta asibiti, a ciki a ɓoye. Suga ya sauka da gaske, har ya kai mutum ga suma. Lambar NAFDAC mai ƙarewa da harafin L na nufin an duba lafiyar maganin a matakin farko. Ba shaidar cewa yana warkarwa ba ce.

| Tsiro | Hujja kan suga | Hujja kan kitse | Buƙatar wata | Ajiya | Babban haɗari |
|---|---|---|---|---|---|
| Hulba | Matsakaiciya | Kaɗan | Giram 150–300 | 'Ya'ya: shekara | Ciki, warfarin, gudawa |
| Habbatus sauda | Matsakaiciya | Kaɗan zuwa matsakaiciya | Giram 60 | 'Ya'ya na daɗewa, mai na lalacewa | Algus ɗin mai, jiri |
| Kirfa | A rarrabe | A rarrabe | Giram 30 | Ɓawo na daɗewa | Hanta |
| Tafarnuwa | Rauni | Kaɗan | Giram 120 | Watanni | Tsinkewar jini, ƙwannafi |
| Zogale | Rauni | Rauni | Gwargwadon ci | Gari: 'yan watanni | Saiwa da ɓawo |
| Zoɓo | Rauni | A rarrabe | Kofi uku a rana | Busasshe na daɗewa | Sukari, faɗuwar jini |

Yadda za a gane ko yana aiki

A ɗauki tsiro ɗaya tak, likita ya san da shi. A yi mako guda ana auna sugan safe ana rubutawa kafin a fara, a ci gaba da aunawa sau biyu ko uku a mako, wani lokaci kuma awa biyu bayan abinci. Bayan mako 12 a sake HbA1c da gwajin kitse, a asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, ko asibitin Specialist, ko ɗakin gwajin da aka yi na farko. In lambobin ba su motsa ba, a bar shi. Tsinken gwaji da ya wuce wa'adi ko ya sha zafi a mota na ba da lambar ƙarya.

Mai shan glibenclamide ko glimepiride ko mai allurar insulin shi ke cikin haɗarin faɗuwar suga in ya ƙara tsiro. Alamunta rawar jiki, gumi, matsananciyar yunwa, bugun zuciya da sauri da ruɗewa. In na'ura ta nuna ƙasa da 3.9 mmol/L, wato 70 mg/dL, a sha babban cokali ɗaya na sukari ko zuma, a sake aunawa bayan minti 15. Wanda ya suma ba a ɗura masa komai, asibiti ake kai shi. Kuma kada a fara sabon tsiro a watan azumi.

Wa ya kamata ya ɗauki wanne

Wanda sugansa ke bakin iyaka, tsakanin 5.6 da 6.9 mmol/L da safe, bai fara magani ba: hulba kafin abinci, tare da rage tuwo da lemo da tafiyar minti 30 a rana. Mai shan metformin kaɗai wanda sugansa ke tsalle bayan cin abinci: hulba, da tazarar awa biyu. Mai suga da kitse a haɗe, ko wanda ɗacin hulba ya gagara: habbatus sauda, giram 2 na 'ya'yan.

Wanda kitsensa ya ɗan ɗaga kawai, ba suga, ba hawan jini, ba ya shan taba: tafarnuwa a abinci ba laifi, amma rage man shanu da kitsen nama da soye-soye, da yawaita wake da kuɓewa, zai fi ta tasiri. Mai hawan jini a kan suga: zoɓo ba sukari, yana auna jininsa. Zogale kowa ya ci a matsayin ganye.

Mai ciki, mai shayarwa, mai ciwon ƙoda ko hanta, da mai shan warfarin: su tsaya a abin da ke cikin miya. Wanda ya taɓa samun bugun zuciya ko shanyewar ɓarin jiki, ko LDL ɗinsa ya kai 4.9 mmol/L, wato 190 mg/dL, statin ne maganinsa, tsiro ba ya tsaya masa. Yaro ko matashi mai ciwon suga nau'i na ɗaya jikinsa ba ya yin insulin. In aka dakatar da allura don a gwada ganye, cikin kwana ɗaya ko biyu yana iya shiga amai da numfashi sama-sama da suma. Mai gyambo a ƙafa, ko wanda ganinsa ya fara dishi-dishi, ko sugansa ya wuce 16 mmol/L yana rama, ya je asibiti a ranar.